Ɗaliba ta Goma Sha Shida

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma ku biyu nake rubuta wa, Sadiƙ da Walida. Labari ya iso min har ɗakina cewa kuna yawo a Islamiyyar Asabar kuna faɗa wa yara wai Umma ta taɓa tsayawa a gaban Turawa ta ce ba ita ta haife ni ba. Lokacin da abin ya faru, kai Sadiƙ hancinka bai daina yoyo ba, ke kuma Walida haƙoranki huɗu ne, biyu ma a karkace. Ni ce nake wurin. Shekaruna sha tara yanzu, gwiwata tana ciwo duk ranar da aka yi ruwa, wato kullum a Birmingham, saboda haka na isa in zauna in rubuta tarihi kafin ya ƙarasa lalacewa a bakinku.

Ba ku san Manchester ba sai a ziyara. Ni a can na yi firamare, a wani flat da ke saman shagon soyayyar kaza a Fallowfield, lokacin da Baba yake digirin digirgir. Shekara biyar duk kayanmu suna warin mai, har Alƙur'anin Baba idan ka buɗe shi sai ka ji yunwa. A shekarun nan Umma ta ɗauki digirinta na kemistiri da ta zo da shi daga Zariya, ta koma aji ta zauna da yaran da ta girme su, ta samo takardar koyarwa ta ƙasar nan. Da Baba ya sami aikin injiniya muka tattaro muka dawo Erdington, ita kuma ta sami aji a kwalejin da ke bayan babban titi, inda yara ke yin shekara biyu kafin su wuce jami'a. Akwai abu guda da ya kamata ku riƙe tun yanzu, domin ku ba ku ɗanɗana shi ba. Ni ce 'yar fari, kuma Umma 'yar gidan da ake kunyar ɗan fari ce. Ba ta kiran sunana, ba ta yabona a gaban mutane, ba ta nuna ni ta ce ga 'yata. Sai da na shiga makaranta na gano sunana Nafisa. Kafin nan na ɗauka sunana Ke.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne. Ɗakin karatun unguwarmu ya koma buɗewa kwana uku a mako, bas ɗin da ke bi ta layinmu ya zama kamar baƙon da ba ya faɗin ranar zuwansa, kuma a kwalejin Umma an fara kashe hita tun ƙarfe biyu na rana. Kwalejin tana samun kuɗinta ne gwargwadon kawunan ɗaliban da suka yi rajista kuma suka zauna har ƙarshen mako na shida. Ajin da kawunansa suka yi kaɗan, rufe shi ake yi, malaminsa ya kama gabansa. Wata ranar bazara muna cin tuwon shinkafa, Umma ta ajiye cokalin miya ta ce:

"An ce idan ajin kemistiri na baɗi bai kai mutum sha shida ba a ƙarshen mako na shida, shi ke nan."

"Yanzu su nawa ne?" in ji Baba.

"Bakwai."

"Har da wannan yaron da kika ce barci yake zuwa yi?"

"Har da shi. Shi ne ma ya fara cika fom."

Shugaban kwalejin, Mista Harding, dogon mutum ne mai kirki wanda damuwa ta cinye masa gashin gaba. Shi ya zo da dabarar wasanni. Ya ce matasa ba sa zaɓar makaranta saboda kyawun ɗakin gwaje-gwaje, amma za su tsallako gari guda idan aka ce akwai riga mai lamba da koci da gasa duk Laraba. Aka kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa da ta kwando, aka mayar da rabin wurin ajiye motocin malamai filin atisaye, aka manna hotunan samari masu tsalle a kowace tashar bas. Kuma gaskiyarsa, samari sun zo, wasu tun daga can ƙarshen gari, dogaye kamar falwaya. Sai dai ko ɗaya a cikinsu bai leƙa ajin kemistiri ba. A taron malamai na ƙarshen zango, Umma, wadda shekara huɗu ba ta taɓa ɗaga hannu ba, ta ɗaga. Ta ce a ba ta ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta 'yan mata, a ɗauko koci mace, ita za ta kawo 'yan wasan, kuma duk wadda ta kawo a ajinta za ta zauna. Ku tuna wannan ita ce matar da ta taɓa kashe wa Baba talabijin ana saura minti biyu a tashi wasan ƙarshe, wai ai an riga an ga waɗanda suka fi gudu. Mista Harding ya tambaye ta ko tana da ƙwarewa a harkar ƙwallo. Ta ce tana da ƙwarewa a harkar iyaye.

Ya ba ta kwali guda na takardun talla masu sheƙi. Har yau suna ƙarƙashin matakala, su muke shimfiɗawa idan za a yi fenti. Umma ta ce takarda ba ta iya gaisuwa. Duk hutun nan sai ta soya cincin, ta zuba a robobin askirim, ta ɗora min, mu hau bas. Mun shiga gidajen Hausawa, na Somaliyawa, na 'yan Sudan, na 'yan Pakistan, har da gidan wata tsohuwar Baturiya mai riƙon jikarta. Umma za ta zauna a falo ta yi rabin awa tana tambayar lafiyar kowa, har da kakar da ke Mogadishu wadda ba ta taɓa gani ba, sannan ta ce da uwar gidan kemistiri shi ne ƙofar likitanci. Idan uban ya shigo, ta ce da shi kocin mace ce, wando har idon sawu, kuma ita da kanta za ta zauna a kujerar gaba a duk bas ɗin da zai kai su wasa. Ni kuma aikina a kicin yake, in raɗa wa yarinyar cewa akwai riga mai lamba da tafiye-tafiye ba tare da yayyenta maza ba. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin maganganun ukun. Kowa dai an ba shi tsokar da yake so. Kafin ƙarshen Agusta yaron mai barci da sauran shidan sun sami abokan zama bakwai, aji ya kai sha huɗu.

"Ke, kin cika naki fom ɗin?" in ji Umma wata safiya, tana kallon tukunya.

"Umma, ni fa wasan kwaikwayo nake son karantawa."

"Wanda kike mana a gidan nan bai isa ba?"

Haka na zama ta goma sha biyar. Saura ɗaya, kuma gidajen da Umma ta sani a Birmingham sun ƙare.

A makon ne aka gayyace mu suna a Moss Side. A nan muka haɗu da Anti Rabi, ƙawar Umma tun zaman Fallowfield, nas ce a wani asibiti, mijinta ya rasu shekara uku kafin nan, ya bar ta da 'ya guda, Zulai, sa'ata. Ana tsakiyar rabon waina muka ji ihu a lungun bayan gidajen. Na leƙa ta taga na ga Zulai cikin leshin suna, ta tattare zani ta ɗaure a ƙugu, ƙafarta cikin kambas, tana yanka samari huɗu da ƙwallo ɗaya bayan ɗaya kamar masu jiran layi a yanka su. Ta buga ƙwallon a jikin kwandon shara da suka mayar raga, har murfin ya tashi. Anti Rabi ta dafe kai. Ta ce tun da aka rufe zauren matasa na unguwar, inda Zulai ke atisaye, yarinyar ta koma lungu. Ta ci jarrabawarta da kyau amma ta ce ba za ta koma aji ba. Ita kuma Anti Rabi aiki ya riƙe mata wuya, tana fita yarinya na barci, tana dawowa yarinya ta fita. Umma tana ta kallon taga. Ina so in yi mata adalci, na tabbata ko da ajinta ya cika maƙil da ta yi abin da ta yi. Amma na ga leɓenta yana motsi, kuma ba tasbihi take ba.

Aka kira Zulai, ta shigo tana haki, ɗankwali a hannu. Anti Rabi ta kama hannunta ta sa a cikin na Umma a gaban matan da ke falon.

"Hajara, ga ta nan. Na ba ki ita, ba aro ba. Ki daka, ki zaga, ki aurar in lokaci ya yi. Ni ba ni da magana."

"Na karɓa," in ji Umma. "Allah Ya taya ni riƙo."

Matan suka ce amin. Zulai, wadda Hausarta ba ta wuce ta gaisuwa da ta cin abinci ba, ta juyo gare ni ta tambaye ni da Turancinta na Manchester, mai fita ta hanci, ko sayar da ita aka yi. Na ce mata e, kuma da araha.

Ranar Lahadi ta iso Erdington da akwati ɗaya da ƙwallo biyu. Ta cinye rabin ɗakina, ta cinye ɓangaren gadon da ke kusa da hita, kuma a atisayen farko ta cinye riga mai lamba tara da na riga na gaya wa duniya tawa ce. Umma kuwa bakinta ya buɗe. Zulai ta iya wanke-wanke. Zulai ta gane darasi tun kafin a gama bayani. Zulai, zo ki ɗauki cinyar kazar nan. A wata guda na ji sunan Zulai a bakin Umma fiye da yadda na ji nawa tun haihuwa, wanda ba abin wahala ba ne tunda nawa bai kai ɗaya ba.

A teburin kicin aka cika fom ɗin rajistarta. Zulai tana zaune a gefen Umma, kafaɗa da kafaɗa, tana kallon biro. Aka zo gurbin da ke tambayar dangantakar ɗaliba da wanda take zaune a hannunsa. Akwai wurin mai riƙo, akwai wurin dangi, akwai wurin uwa. Umma ta sa alama a wurin uwa ba tare da biron ya tsaya ba. Baba, da ke tsaye yana shan shayi, ya yi tari.

"Hajara, mutanen nan fa da takarda suke aiki."

"Na sani, Malam. Ni ma a cikinsu nake aiki."

Baba ya dubi Zulai, ya dubi shayinsa, ya fita duba motar da babu abin da ya same ta.

Karatu ya kankama, mu sha shida cif. A mako na uku aka kai mu wasanmu na farko, kuma Allah da ikonSa a Manchester ne. Umma ta zauna a kujerar gaba kamar yadda ta yi wa iyaye alkawari, ta juyo tana mana tambayoyin sinadarai tun daga Birmingham, duk wadda ta faɗi ba za a ba ta cincin ba. Mun bi ta Fallowfield, na nuna wa 'yan ƙungiya tagar tsohon flat ɗinmu, shagon kazar ya koma na gyaran waya. A fili kuwa an yi mana wankin babban bargo. Mai tsaron ragarmu, Hodan, ta ɗauko ƙwallo daga cikin raga sau takwas, har ta fara yi wa masu cin sannu da zuwa. Amma ana kusa da tashi Zulai ta karɓi ƙwallo daga tsakiyar fili, ta wuce mutum uku, ta ɗaga raga. Umma ta yi tsalle da takardun gwajin da take makawa a cinya, suka watse a ciyawa, tana kiran sunan Zulai har makogwaronta ya dushe. Ni an sako ni saura minti huɗu, na taɓa ƙwallo sau ɗaya, da fuska. A hanyar dawowa 'yan mata sha ɗaya da 'yan benci suna waƙa kamar mu muka ci kofi, kuma a nan na fara zargin cewa matar nan ta san abin da take yi.

Ranar Talatar mako na shida aka aiko a kira mu uku, ni da Zulai da Umma, zuwa ofishin rajista. Mai ofishin, Madam Pauline, dattijuwa ce 'yar asalin Jamaika, mai tabarau a kan karan hanci, wadda ko ƙuda bai isa ya shiga kwalejin ba sai da lambar ɗalibi. Mista Harding yana tsaye a bayanta yana murza hannu. Ya ce masu bincike za su zo duba rajista, kuma a bana ido ya yi yawa a kan kwalejojin da ɗalibansu suka ƙaru farat ɗaya, ana neman sunayen bogi. Madam Pauline ta jera fom biyu a kan tebur. Uwa ɗaya, adireshi ɗaya. Ɗaya an haife ta a Fabrairu a Zariya, ɗaya a Yuni na shekarar a Manchester.

"Wata huɗu tsakani, Misis Hajara," in ji Mista Harding a hankali. "Ni ba malamin kimiyya ba ne, amma..."

Ya turo wata takarda. Ya ce abu mai sauƙi ne, Umma ta rubuta cewa kuskure ta yi, Zulai ba 'yarta ba ce, ta sa hannu, Zulai ma ta karanta ta sa hannu a ƙasa, a wuce wurin. Umma ta karanta takardar har ƙarshe, ta mayar da ita gabansa da yatsa biyu.

"Ban yi kuskure ba."

"To, wacce ce taki a cikinsu?"

Umma ta ɗora hannu a kafaɗar Zulai.

"Wannan tawa ce."

"Wannan fa?" Ya nuna ni.

Umma ta ɗaga kai ta dubi kalandar da ke bango kamar yau ta fara ganin watan Oktoba.

"Ita ma a gidan take."

To kun ji asalin maganar da kuke yawo da ita. Ba ta ce ba ta haife ni ba. Cewa ta yi a gidan nake, kamar firji. Mista Harding ya dube ni da tausayi irin wanda ake yi wa kyanwar da aka tsinta a ruwan sama. Tunda yanzu ba a san ta gaskiya a cikinmu ba, dole aka dakatar da rajistar mu biyun har sai an warware. Ajin da ya shiga ofis yana sha shida ya fito yana sha huɗu, kuma ranar Juma'a da ƙarfe sha biyu za a rufe ƙidaya.

Da yammar nan bayan magariba Baba ya rufe ƙofar falo, abin da ba ya yi sai magana ta kai magana. Ni da Zulai muka zauna a kan matakala, inda ake jin komai ta ramin bututun hita, ina fassara mata.

"Layi ɗaya ne fa, Hajara. Kowa ya san gaskiya. Ita kanta yarinyar ta sani."

"Sanin daban, ji daga bakina daban. Uwarta ta ɗauko ta a gaban mutane ta sa a hannuna. In zauna a gabanta in rubuta ba tawa ba ce, in miƙa mata biro ta sa hannu? Gobe in ta yi laifi da wane baki zan yi mata faɗa? In ta yi rashin lafiya da wace fuska za ta tashe ni?"

"Ajin fa? Shekara nawa kika yi kina neman takardar nan? Yaran mutane sha huɗu fa?"

 Muryar Umma ta sauka.

"Su ne ke hana ni cin abinci tun rana. Zan bi su gida-gida in ba iyayensu haƙuri, in nema musu wuri a wata kwalejin. Ni kuma na iya wanke kwalaben gwaji. Ko'ina ana neman mai wankewa."

Ban fassara wannan ba, amma Zulai ta gane. Ta goge hanci da hannun rigata, ba tata ba, ta ce gobe za ta tattara ta koma Manchester, kowa ya huta. Na ce da ita ashe ƙafa kawai Allah Ya ba ta, idan ta tafi ai sha biyar muka koma, ajin ya rufe, kuma na yi asarar lamba tara a banza. Ta ɗauki wayarta ta hau sama ta kira Anti Rabi.

Ranar Juma'a da hantsi Anti Rabi ta sauka daga bas ɗin farko, kayan aikinta na asibiti a ƙarƙashin kwat, idonta ja don ba ta runtsa ba. Baba ya ɗauki hutun rabin yini, ya zo da baƙar jakar nan da ake ajiye takardun haihuwarmu da fasfo. Muka cika ofishin Madam Pauline har babu wurin juyawa. Mista Harding ya ga Anti Rabi, ya ga fuskar Zulai a fuskarta, ya yi ajiyar zuciyar da ta kusa ɗaga takardun tebur.

"Madalla. Ke ce mahaifiyar Zulai?"

Anti Rabi ta gyara zama, ta nuna Umma da haɓa.

"Uwarta ga ta nan zaune. Ni na zo gaisuwa ne."

Wallahi na ga bawan Allah nan ya sa goshinsa a kan kabad ɗin fayil ya bar shi a can. Agogon bango ya ce sha ɗaya da minti ashirin. Baba yana ta buɗe zif ɗin jaka yana rufewa. Madam Pauline ta cire tabaranta. Ba matan ta duba ba, mu ta duba, ni da Zulai, ta daɗe tana dubanmu. Sai ta buɗe jakarta ta miƙo min kuɗi.

"Ku biyu, ku je ku sayo mana shayi. Ba na injin nan na bakin ƙofa ba, na kantin da ke can ƙasan ginin wasanni. Kada ku yi sauri. Mista Harding, kai ma ka raka maigidan Misis Hajara ya ga sabon filinmu. Ka bar jakar, Yallaɓai."

Da ta rako mu bakin ƙofa ta ce da ni ƙasa-ƙasa, ita ma ƙanwar mahaifiyarta ce ta riƙe ta tun tana shekara shida, kuma har matar ta koma ga Allah ba ta taɓa bari wani ya faɗi haka a gabanta ba. Ta rufe ƙofa.

Mun tafi, amma kun san ni. Mun sayo shayin da gudu, rabi ya zube a hanya, muka dawo muka laɓe a bayan allon sanarwa inda ake hango ofishin ta gilashi. Mata uku sun haɗa kai a kan tebur. Na ga takardar haihuwata, mai tambarin asibitin Zariya, na ga Anti Rabi ta zaro wata daga cikin kwat ɗinta. Na ga Madam Pauline tana rubutu da hannunta, Umma ta karanta, ta sa hannu, Anti Rabi ta sa. Sai Anti Rabi ta faɗi wani abu, su ukun suka fashe da dariya har Madam Pauline tana share ido. Aka sa takardar a ambulan aka liƙe. Har yau ban san abin da ke ciki ba. Na tambayi Umma sau ɗaya, ta ce in je in duba ko shinkafa ta tsotse.

Saura minti goma ƙarfe sha biyu ta cika muna cikin ɗakin gwaje-gwaje, kowa da farar riga, yaron mai barci ma an tashe shi an jingina shi da bango. Mista Harding ya turo ƙofa ya tsaya yana ƙirga mu da yatsa kamar mai sayen awaki. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.

"Sha shida," in ji shi.

"Na gode," in ji Umma, ba ta juyo daga allo ba. "A ja mana ƙofar, mun kunna gas."

Abin bai tafi a kyauta ba, kuma wannan ne ɓangaren da ba ku sani ba. Doka doka ce, sai da aka sa wa Umma takardar gargaɗi a fayil saboda abin da ta cika a fom. A ƙarshen shekarar kujerar shugaban sashen kimiyya ta buɗe, kowa ya san tata ce, aka ba wani da ya zo bayanta da shekara biyu. Mista Harding da kansa ya zo har aji ya ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, ta tambaye shi ko za a ƙara wa 'yan mata awa ɗaya a fili ranar Alhamis. Ya ƙara. Yanzu ajin kemistiri biyu ne a kwalejin, iyaye ne ke kawo mata cincin, Hodan tana karatun haɗa magunguna, kuma har yau Umma tana tambayar koci dalilin da ya sa alƙalin wasa ke ɗaga tuta alhali yarinya ta yi ƙoƙari ta riga kowa isa.

A waccan ranar Juma'ar da yamma muka raka Anti Rabi tashar bas, domin tana da aiki washegari. Direba yana karɓar tikiti, ta zaro takardar haihuwar Zulai, ta asali, a cikin leda, ta miƙa wa Umma.

"Ajiye a wurinki. Ni yawo nake da ita a banza."

Ba ta rungumi Zulai ba. Ta ce mata ta riƙa jin magana, ta daina cin abinci a tsaye, ta hau bas ta zauna a ɓangaren da ba ya kallonmu. Umma ta karɓi baƙar jakar daga hannun Baba, ta buɗe a nan tsakiyar tasha, mutane suna ratsa mu da akwatuna, ta sa takardar a ciki ta ja zif. Na leƙa kafin ya rufe. A saman tawa ta ɗora ta.